Sunan da Zinariya Ta Ƙi Kira

Salama gare ku masu bibiyata. Yau kam ku gyara zama, don abin kunyar da na tafka zan kwance muku da bakina, kafin ku ji shi a bakin Ummanmu, wadda ba ta iya ba da labari ba sai ta ƙara masa gishiri da yaji.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Haulatu, shekarata ashirin da shida, haifaffiyar Daura. Ina koyar da motsa jiki a wata makarantar kwana ta 'yan mata, kuma ni ce kocin ƙwallon raga. Wasan nan ne da ake ɗaura raga a tsakiya, shida nan shida can, ana dukan ƙwallo da hannu, duk ɓangaren da ta taɓa ƙasa a wurinsu an ci su. Ina son wasan nan kamar raina, ba zan ɓoye muku ba.

Matsalar ita ce bara an yi mana cin da har yau ban manta da shi ba. Shi ya sa da gasar bana ta matso, shugabar makarantarmu ta kira ni ofis, ta sauke gilashinta kan karan hanci ta ce, "Malama Haulatu, ranar Asabar ta makon gobe 'yan matan makarantar Zango za su zo. In aka sake yi mana irin ta bara, na rushe ƙungiyar, filin kuma na Malam Badaru ne."

Malam Badaru malamin noma ne. Shekara biyu yana zagaya filina da hannu a baya. Muna tsakiyar atisaye sai ka gan shi ya tsuguna a gefen layi ya ɗebi ƙasa yana murzawa, yana girgiza kai cike da tausayi. "Ƙasar kuɓewa ce wannan," haka yake cewa. "Ana ta tattake ta a banza."

Da na koma gida na faɗa wa Umma, tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Allah ya ba Malam Badaru sa'a."

"Haba Umma!"

"Haba me? Ɗiya mace da usur a wuya kamar ɗan sandan kan titi. Jiya a gidan suna aka tambaye ni aikinki, na ce malama ce, wata ta ce, 'Au, mai hure-huren nan?' Ki ji da kyau, ranar da filin nan ya tafi, usur ɗin nan ma ya tafi. Ki zauna ki koyi tuƙin tuwo mara gudaji, yaron nan ya turo magabatansa mu huta."

Yaron nan da take nufi shi ne Koci. Wata takwas ke nan yana zuwa zance wurina. Yana sayar da maganin dabbobi a kasuwa, da yamma kuma yana horar da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta unguwarsu, a nan ma muka haɗu, ranar da na je aron famfon hura ƙwallo. Kada ku tambaye ni sunansa na yanka. Sunan Babanmu gare shi, kun ga kuwa ko a rubuce hannuna ba zai iya ba. Koci nake ce masa, Koci na sa a waya, ku ma Koci za ku ji.

To ni ban damu da barazanar kowa ba, saboda bana ina da makamai biyu. Ta farko Barakatu, 'yar cikin gari, 'yar guntuwa mai bakin tsiya, amma in ta ɗaga ƙwallo sai ka rantse da awo ta auna. Ta biyu Zinariya, sabuwar ɗaliba daga Sandamu, doguwa, shiru-shiru, in ta doka ƙwallo kuwa har bangon ajin kimiyya sai ya amsa. Barakatu ta ɗaga, Zinariya ta doka, shi ke nan an gama da Zango.

Sai dai akwai doka ɗaya a filina. In ƙwallo ta taho tsakanin mutum biyu, dole ɗaya ta kira sunan ɗaya da ƙarfi, don a san mai ɗauka. In ba haka ba, ko su yi karo, ko su tsaya kallon juna. Zinariya tana kiran kowa. "Rahama!" "Firdausi!" Muryarta har ofishin shugaba. Amma da zarar ƙwallo ta faɗo tsakaninta da Barakatu, sai ta buɗe baki ta rufe, ƙwallo ta faɗi tim a tsakiyarsu. In ta matsu ƙwarai sai ta ce, "Ke!" To mutum biyar ne a gefenta, kowa "ke" ce, sai duka biyar ɗin su rugo su haɗu da ka.

Barakatu ta zo ta same ni tana huci. "Malama, yarinyar nan ba ta ƙaunata. Wata uku muna ɗaki ɗaya, ko sau ɗaya ba ta taɓa kiran sunana ba. In za ta ba ni saƙo sai ta ja mini hijabi, kamar wata akuya."

Na ce, "Bar ni da ita. Rashin yarda ne a tsakaninku, ni kuwa na san maganinsa."

Inda na san maganin? A waya. Na zauna na kalli bidiyon koci-koci na duniya har cajina ya ƙare, na rubuta dabarun gina yarda a bayan rajista.

Rana ta farko na ɗaure ƙafar Zinariya da ta Barakatu da ɗankwalina na ce su zagaye fili. Taku ɗaya na Zinariya uku ne na Barakatu, don haka abin ya koma ja, ba gudu ba. Rana ta biyu na sayo ɗanwake faranti guda na ce su ci tare, a yi hira. Barakatu ta yi hirar, ta kuma cinye ɗanwaken har da ƙwan. Rana ta uku na kawo babbar dabara, wadda mutum zai rufe ido ya faɗi ta baya abokinsa ya tare shi. Barakatu ta faɗi, Zinariya ta cafe ta da hannu ɗaya. Zinariya ta faɗi, sai muka nemi Barakatu muka rasa, ƙafafunta kawai ake gani suna harbin iska.

"Malama na yarda da ita! Wallahi na yarda! A ɗaga ta!"

Duk wannan, sunan dai bai fito ba. Malam Badaru kuwa har ya fara auna filin da taku.

Ranar Litinin, saura kwana biyar wasa, ƙwallo ta faɗi tsakaninsu sau bakwai a jere. Raina ya ɓaci. Na hura usur har kunnena ya yi ƙara, na tara su duka a tsakiyar fili.

"Zinariya, fito nan. Dubi yarinyar nan. Ba mutum ba ce?"

"Mutum ce, Malama."

"To kira sunanta sau goma, da ƙarfi, kowa ya ji."

Ta sunkuyar da kai.

"Ba ki ji ba ne? Ba-ra-ka-tu! Wuya gare shi? Faɗi!"

Sai na ga hawaye yana ɗiga a kan takalminta. Ni kuwa a lokacin na ɗauka hawayen taurin kai ne. Na ce, "Girman kai ne ke damunki. Tunda kin fi ƙarfin kiran 'yar uwarki, fita mini daga fili, kada in sake ganin ƙafarki." Ta ajiye ƙwallon a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ta tafi ba ta waiwayo ba.

Na san wasunku sun riga sun gano inda aka dosa, kuna ta cewa, "Haulatu, anya kanki ɗaya?" Ku yi haƙuri, ni a lokacin ƙwaƙwalwata tana cikin bidiyo.

Washegari aka ce mini Zinariya ta yi zazzaɓi, an ba ta izini ta tafi gida Sandamu. Na sa wata a madadinta, wadda in ta ga ƙwallo ta taho sai ta kare fuska ta yi salati. A ranar na ga Malam Badaru da ƙullin irin kuɓewa a aljihun gaba.

Ranar Laraba da azahar saƙon Koci ya shigo.

"Salam ranki ya daɗe. Zan shigo bayan la'asar in an ba ni fili."

Na rubuta, "Kada ka ambaci fili. Raina a ɓace yake."

"To zan taho da tsire da haƙuri."

Kafin in fito wanka Umma ta ɓoye wandon atisayena, ta shimfiɗa mini atamfa ruwan ganye mai zanen ganga, da mayafi ruwan madara, ta tsaya a kaina sai da na sa kwalli da turare. Usur ɗin ma ta ciro shi daga wuyana ta jefa a kwanon goro. "Yau dai ki yi kama da mata na awa ɗaya," in ji ta.

Na same shi a zaure kan tabarma, cikin farar shadda, hula a karkace yadda ya saba, ƙunshin tsire a gefe. Muka gaisa, ban jira ya tambaya ba na zazzage masa komai, tun daga ɗankwali har zuwa korar. Ina jiran ya ce na yi daidai. Sai ya ɗauki tsinken tsire yana juyawa.

"Ita Zinariyar, a wurin wa take zaune a Sandamu?"

"Oho."

"Su nawa ne a gidansu?"

"Koci, ni kocin ƙwallo ce, ba mai ƙidayar jama'a ba."

"Me sunan mahaifiyarta?"

"Ina ruwana da sunan mahaifiyarta? A fili nake buƙatarta."

Ya yi murmushin nan nasa mai ba ni haushi. "Kin san mai tsaron ragata? Wata biyu yana makara, na kusa korarsa. Da na bi shi gida sai na tarar shi ke shayar da shanun babansa kafin ya fito. Yanzu duk ranar wasa mutum uku nake turawa su taya shi. Wani kuma ba ya gudu in bai ci abinci ba, wani ba ya gudu in ya ci. Babu wanda ya faɗa mini ko ɗaya a fili. Sai da na zauna a zaurensu na sha ruwan gidansu."

"To ni sai in bi 'yan mata goma sha biyu gida-gida ina shan ruwa? Cikina randa ne?"

Ya yi dariya, sannan ya ajiye tsinken. "Haulatu, in tambaye ki. Wata takwas ina zuwa gidan nan. Kin taɓa kiran sunana?"

Na ja mayafi na rufe rabin fuska. "Haba Koci, ka san dalili ai."

"Na sani. Ƙina kike yi?"

"A'a mana."

"Girman kai ne?"

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Yarinya tana kiran kowa, suna ɗaya tak ne ba ya fita a bakinta, ni kuma da nake yawo da irin wannan ciwon wata takwas, na tsayar da ita gaban jama'a na ce ta faɗa sau goma.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ba ni na faɗa ba. Daga bayan ƙofar zaure muryar ta fito. Umma ce, wai tana neman tsintsiya, tsintsiyar da ke hannunta. Koci ya zabura ya durƙusa yana gaishe ta, ita kuwa ko ta kansa ba ta bi ba.

"Ke Haulatu, a gidan nan kika tashi kuwa? 'Yar mutane kika tsare ta kira sunan uwarta gatsal? Ke da ko a asibiti aka ce ki faɗi sunan ubanki sai kin waiwayo kin nemi mai faɗa miki?"

"Umma ban tabbata ba tukuna..."

"Gobe za ki tabbata. Da kin taso aiki Sandamu za mu, ƙafata ƙafarki. Ba don ƙwallonki ba, don kada a ce 'yata ba ta da tarbiyya."

Haka kuwa aka yi. Alhamis da azahar Umma ta ƙulla goro da sabulu da sukari a leda, ta yafa babban mayafinta na zuwa biki, muka shiga motar haya. Mu huɗu a baya, da buhun gero a ƙafafunmu, da wani ɗan akuya da ya ƙura wa ledar Umma ido tun daga tasha. Tafiyar ba nisa, amma Umma ta samu lokacin ba duk fasinjojin labarina. Wani tsoho a gaba ya juyo ya dube ni ya ce, "Kuma malama ce?" Waya ta yi ƙara, Koci ne. "Kada ki je da bayani. Ki je da kunne." Na mayar masa, "Kunnen ma Umma ta cinye shi."

Da tambaya muka gano gidan, can bayan masallaci, katangar ƙasa da ƙofar langa-langa. Tun daga waje nake jin dum, dum, dum. Muka yi sallama muka shiga. Wata tsohuwa tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, can gefe kuma ga mai zazzaɓi tana dukan wata tsohuwar ƙwallo da bango, gumi har wuya. Tana ganina ta saki ƙwallon ta dafe goshi ta fara tari.

"Bar tarin," na ce, "ba shi ya kawo ni ba."

Tsohuwar kakarta ce. Ta shimfiɗa mana tabarma, aka kawo fura a ƙwarya, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da damina da mutanen Daura. Ni duk na ƙosa, Umma kuwa sai da ta sha furar nan ta yaba, sannan ta gyara murya.

"Iya, mahaifiyar yarinyar nan tana ciki ne mu gaisa?"

Tsohuwar ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Ai shekara uku ke nan da ta riga mu. Wajen haihuwa. Ita da abin cikin duka."

Muka yi salati, muka yi addu'a. Zinariya tana tsugune a bakin rumbu tana zane a ƙasa da tsinke.

Umma ta sassauta murya. "Allah ya jiƙanta. Yaya sunan marigayiyar?"

Tsohuwar ta yi ɗan murmushi ta kau da kai. "'Yar fari ce a wurina. Ban taɓa faɗinsa ba tana raye, balle yanzu."

Kun ji fa. Gida guda, mutum biyu, babu mai iya furta sunan. Sai Umma ce ta matsa kusa ta ce a hankali, "Barakatu?" Tsohuwar ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta share ido da gefen zane.

Ban san lokacin da na bar tabarma na isa gaban Zinariya na durƙusa ba, atamfa da komai a cikin ɓawon gyaɗa.

"Zinariya, na zalunce ki. Ki yafe mini don Allah."

"Malama tashi, don Allah tashi." Ta fashe da kuka. "Ni ba ƙinta nake ba. Ina sonta ma, tana ba ni dariya. In na buɗe baki zan kira, sai ya tsaya mini a nan." Ta nuna maƙogwaro.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

Ta ja hanci. "Ba ki tambaya ba, Malama. Da na matso sai ki hura usur."

Umma ta ce, "Yawwa 'yata, faɗa mata. Ni shekara huɗu ina faɗa."

Kafin mu taso na tambaye ta ko ta yarda in yi wa sauran bayani, ko in rufe. Ta dubi kakarta, sannan ta ce in faɗa, ita ba za ta iya ba. Tare muka dawo Daura, Zinariya a tsakiya, Umma na ta tura mata goro tana cewa yarinyar nan ba ta cin abinci.

Juma'a da yamma na tara su a ƙarƙashin darbejiyar gefen fili. Ban hura usur ba, da hannu na yafuto su, har suka tsorata suna tambaya ko lafiya. Na zauna a ƙasa tare da su. Na ce ranar Litinin na yi kuskure a gabansu, don haka a gabansu zan nemi gafara. Sannan na faɗa musu dalilin.

Na dubi Barakatu mai bakin tsiya. Idonta ya ciko. Can sai ta miƙe, ta karkaɗe wando, ta je ta tsaya gaban Zinariya, kanta da ƙyar ya kai kafaɗar waccan.

"Ke kuwa da kin faɗa tun tuni. Me kike ce mata a gida?"

"Inna."

"To ai shi ke nan. Mai sunan uwa uwa ce. Daga yau ni ce Inna." Ta riƙe ƙugu. "Gwada mu ji."

Zinariya ta rufe fuska da hijabi tana dariya tana kuka. Da ƙyar muka ji wata 'yar siririyar murya, "Inna."

"Na'am, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Je ki ɗebo mini ruwa."

Ai kuwa mun jawo wa kanmu. Kafin a tashi atisaye Barakatu ta aiki kowa a ƙungiyar, ta ɗaura ɗankwali irin na tsofaffi a kan hijabi, tana tafiya tana dafa baya. Ni kaina sai da ta ce mini, "Malama, ki riƙa kula mini da yarinyar nan." Amma ƙwallo ko ɗaya ba ta sake faɗuwa a tsakaninsu ba. Na kuma ɗauko rajistar nan da na cika bayanta da dabarun waya, na buɗe sabon shafi, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina tambayar gida da wanda ke riƙonsu. A nan na gano Rahama ba ta gani sosai daga nesa, shekara biyu ina yi mata faɗan rashin natsuwa.

Asabar da hantsi 'yan Zango suka sauko daga mota, dogaye kamar an zaɓo su da sanda, riguna ja iri ɗaya. Ɗalibai suka kewaye fili. Shugaba tana kan kujera a inuwa. Malam Badaru yana tsaye a bakin layi da ƙullin irinsa, har da 'yar fartanya a kafaɗa, wai daga gona yake. Koci yana can nesa wajen maza malamai, da izinin mai gadi. Sai kawai na hango babban mayafin biki yana ratsowa cikin jama'a.

"Umma! Me ya kawo ki?"

"Na zo ganin marainiyata. Matsa, kin tare mini."

Suka ci zagayen farko, muka ci na biyu. Na uku shi ne na raba gardama, wanda ya fara kai sha biyar. Ban san yadda aka yi ba sai ga mu da sha huɗu, su sha uku. Ɗaya ta rage. Na cusa gefen hijabi a baki ina tauna.

Wata doguwa a cikinsu ta yi tsalle ta narko ƙwallo, ta taho daidai tsakanin Zinariya da Barakatu, wurin nan da ta faɗi sau bakwai ranar Litinin. Na rufe ido ɗaya.

"INNA!"

Muryar ta cika makarantar. Barakatu ta zube ƙasa ta tare ƙwallon, ta tashi sama kusa da raga, tana kwance tana ihu, "Doka, 'yata!" Zinariya ta yi taku biyu ta tashi. Abin da na ji kawai shi ne tas! Ƙwallon ta daki tsakiyar filin Zango, ta yi tsalle ta wuce layi ta sami Malam Badaru a aljihun gaba. Irin kuɓewa ya watsu ko'ina.

Wata guɗa ta tashi wadda ta danne usur ɗin alƙalin wasa. Na juya, Umma ce, mayafi ya zame, hannu ɗaya a hanci. Shugaba ta cire gilashi tana tafi. Malam Badaru yana tsugune yana tsintar irinsa ɗaya-ɗaya, yana cewa ai dama ƙasar ta cika yashi.

Ana cikin hayaniyar nan na ji an ja mini hijabi ta baya. Zinariya ce, tana haki, fuska duk ƙura da gumi.

"Malama."

"Na'am, gwanata. Kin ga dukan da kika yi kuwa?"

Ta girgiza kai, ba shi ya dame ta ba. Ta dubi inda Barakatu take ta rawa da ɗankwalin tsofaffi, ta ce a hankali, "Shekara uku rabon da in kira Inna a amsa mini."

Na rungume ta a tsakiyar fili, na yi kukan da ya wanke kwallin da Umma ta tilasta mini sawa. Ban damu da wanda ke kallo ba.

A Keke Napep muna komawa gida wayata ta yi ƙara. Koci ne.

"Barka da nasara, ranki ya daɗe. Filinki ya tsira. Gobe bayan azahar baffannina za su zo wurin Baba. Saura ni, kowa an raɗa masa suna, ni har yau Koci."

Na yi sauri zan kife wayar, ashe Umma ta riga ta karance ta ta kan kafaɗata, ita da kullum take cewa idonta ba ya ganin ƙananan rubutu. Sai a lokacin na lura da igiyar da ke leƙowa ta ƙarƙashin mayafinta. Usur ɗina ne a wuyanta.

"Gobe?" ta ce. "Gobe-gobe? Gidan ko shara ba a yi ba!" Ta zaro usur ɗin ta hura a kunnen mai Keke har sai da ya kauce hanya. "Malam, juya kasuwa! Ke kuma ba shi amsa, kin tsaya kina kallona. Wane suna za ki sa masa?"

Na dubi wayar, na ɗora yatsa a kan allo. A ƙasan saƙonsa alama ta nuna yana nan yana jira.